Hijabin Sharifa

Da jakar bakko, babu komai a cikinta, Inna Hassana ta sauka daga motar Gitata. Ba gaisuwa ta kawo ta Keffi ba. Jikarta ta zo ɗauka.

Tun daminar bara da Allah ya karɓi ran 'yarta Sharifa, aka bar Hamdiya tana rarrafe a tsakar gida, Inna ta ce a ba ta yarinyar. Mijin marigayiyar, Abdulhamid, mai gyaran babur a Gangaren Tudu, ya durƙusa ya roƙi a ƙara masa lokaci. Ta ƙara. Yanzu haƙurinta ya ƙare. Namiji da rainon 'ya mace? A ranta ta riga ta ga abin da za ta tarar: yarinya kamar tsinke, kai a cukurkuɗe, hanci na yoyo.

Abin da ta tarar sai ya ɓata mata shiri. Hamdiya ce ta tare ta a ƙofa, da ƙafafunta, tana tangal-tangal, kumatu cike, ido da kwalli, 'yan haƙora a waje. A kanta kitson shuku, tsaga a miƙe. Kafin Inna ta gama zama, yarinyar ta jawo fo daga ƙarƙashin gado ta hau, tana kallon baƙuwar kamar mai jiran a tafa mata.

Abdulhamid ya tsuguna can nesa, yadda suruki ke yi, idonsa a kan siminti.

"Wa ke mata kitso?"

"Ana dai yi, Inna."

"Abinci fa, wa ke ba ta?"

"Ana ba ta, Inna."

Inna ta haifi yara, ta aurar da yara. Ta san idan namiji ya fara cewa "ana", to akwai mace a bayan labule.

A ɗaki ta samu shaida. Hijabin Sharifa, shuɗin nan da ita da kanta ta saka cikin kayan aure, ba ya cikin akwati. Yana rataye a ƙusa, bayan ƙofa, gabansa da busasshen kunu. Ta kai shi hanci. Humrar 'yarta tana nan, ta yi nisa, kamar muryar wanda ke kira daga ƙetaren rafi. Amma akwai warin man inji a jikinsa. Wato har abin ya kai ana gogayya da kayan gareji.

Ta leƙa ta katanga wajen maƙwabciya, Filomina, da ke tsinkar ganyen rama, ta tambaye ta wa ke saka hijabin 'yarta.

"Mama, ba a bakina za ki ji ba," in ji Filomina, tana danne dariya. "Ni dai abin da na sani, bayan rasuwar nan yarinyar ta ƙi cin komai, saura kaɗan ta bi uwarta. Ni na gwada, matan layin nan duk sun gwada. Har yau ba ta buɗe baki sai ga mai hijabin nan. Safe, rana, dare."

Inna ta ce za a gani. Ta dama kunun gyaɗa da hannunta, irin wanda ta yaye 'ya'yanta da shi. Hamdiya ta dubi cokalin, ta dubi Inna, ta dantse baki. Aka yi mata jirgi da cokalin, aka yi mata tsuntsu, aka ce ga kyanwa za ta shanye. Da aka matsa, ta sa hannu ta kaɗe kofin, kunu ya wanke wa kakarta gyale. Sannan ta kwanta a ƙasa ta fara kukan yunwa, irin mai shiga ƙashi.

Abdulhamid ya shiga, ya fita, ya sake shiga. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Inna," ya ce da ƙyar, "ko za ki ɗan shiga wajen Filomina ku gaisa sosai?"

Ta gane. So yake ya shigo da matar. Ta ja takalmanta da ƙarfi har waje, ta tsaya jikin bishiyar darbejiya sai da kukan ya yanke. Sai ta cire takalman ta riƙe a hannu, ta lallaɓo.

Abdulhamid ba ya tsakar gidan. Matsoraci, ya gudu ya bar baƙuwarsa.

Ga mai hijabin nan zaune a kujerar tsugunno, baya ga ƙofa, Hamdiya a cinya, ta kifa kumatu a jikin shuɗin yadin tana shaƙa. Cokali yana zuwa, baki yana buɗewa. Daga cikin hijabin wata 'yar waƙar rarrashi ke fitowa ta hanci, ƙasa-ƙasa, wadda Inna ta yi wa Sharifa tana goye, Sharifa ta yi wa Hamdiya.

Inna ta shigo da zagi a baki, ta neme shi ta rasa. Saura ƙiris ta kira sunan da babu mai amsawa. Ta daɗe tsaye, takalma a hannu, har kofin ya kusa ƙarewa.

"Baiwar Allah," ta ce. "Ban san 'yar gidan wa ce ke ba, amma na ga hannunki. Jakar da na zo da ita, haka zan koma da ita. Yarinya ta zauna. Sai dai wannan shigar ɓoye ta ƙare. Kafin azumi Abdulhamid zai aure ki, ni zan tsaya a kai. Juyo in ga fuskarki."

Cokali ya tsaya cak a sama. Kan ya ƙara sunkuyawa.

Hamdiya kuwa, da ta ga an tsayar mata da kununta, sai ta cusa hannu cikin hijabin, ta damƙo gemun ubanta, ta juyo da fuskarsa wajen kakarta.