Gilashin Auta

Auta ta cire gilashinta ta dire shi kusa da faranti, ta ce ita kam ta gaji. Tun tana firamare yake zaune a kan hancinta, yayyenta na kiranta Ido Huɗu. In ta buɗe tukunya ya yi dishi-dishi, in ta yi sujada ya zame.

"Baba, a yi min aikin idon nan na leza, in huta da gilashi. Ƙawata ta maƙwabta ma gobe za a yi mata."

Sai da mahaifinta ya haɗiye lomarsa sannan ya fara. Akwai wadda idonta ya bushe kamar an watsa yashi, har yau da kwalbar magani take yawo. Akwai direban da fitilun motoci ke tarwatse masa, ya daina tuƙi da zarar magariba ta yi. Kuma abin da aka kankare a ido, ba mai mayar da shi yadda Allah ya halitta.

"Ita dai ƙawar tawa an ce mata ba komai, minti kaɗan ne," in ji Auta, tana kallonsa ƙur.

"Yawanci haka ne." Ya tura nasa gilashin sama. "Yawanci."

Maman Auta ta daɗe da sanin mijinta da tsantseni. Mutum ne da ko hannu zai wanke sai ya kai gwiwar hannu. Duk da haka ta sa baki.

"Baban Auta, su waɗancan da ake yi wa ba 'ya'ya ba ne?"

"'Ya'ya ne. Wannan kuma tawa ce."

Auta ta tashi fuu, ta yi karo da ƙofa, ta dawo ta ɗauki gilashin.

Da asuba uwar ta jima a kan sallaya. Ta roƙa wa 'yar maƙwabta sauƙi, ta roƙa wa hannun da zai taɓa ta, sannan ta tashi ta yi guga.

Hantsi bai yi ba sai ga sallama: maƙwabciya ce da yarinyarta, a rage musu hanya zuwa asibiti. Yarinyar sai murza yatsu take.

"Haba 'yata," in ji Baban Auta da murmushi, "ba komai, minti kaɗan ne."

Maman Auta ta miƙa masa farar rigar da ta goge, ta rage murya.

"Likita, a yi a hankali da idon 'yar mutane."