Dankalin Siman da Motar Maraɗi

Siman yana noman dankalin turawa a bayan Bukuru, a bakin wani tsohon ramin kuza da ya cika da ruwa. Noman rani ne, da injin ban-ruwa. Abin da ya tona kafin damina shi ne abincin gidansa na shekara, kuma a ciki yake ware irin da zai sake shukawa.

Dankali ba ya jira. In aka tone shi cikin zafi aka ɗura a buhu, ba ya daɗewa yake fara ruɓewa. Siman bai taɓa damuwa da hakan ba, domin duk shekara motocin Alhaji Illa, wani ɗan kasuwa daga Maraɗi, ke kwashe dankalin manoman yankin. Sukan iso da albasar Nijar, su sauke a kasuwar kayan lambu, su koma da dankali.

Wata shekara Siman ya gwada albasa a gefen gonarsa. Ta yi kyau, amma a kasuwa ya tarar ta Nijar ta fi tasa girma da araha. Ya sayar a wulaƙance, abin kuma ya tsaya masa a rai.

Ana cikin haka Nijar ta sanar da ficewa daga ECOWAS. A teburin mai shayi kowa ya zama masanin siyasa. Wasu na cewa rigimar shugabanni ce, ba ta talaka ba. Siman, wanda shi ne shugaban ƙungiyar manoman, ya fi kowa ɗaga murya. Ya ce tunda sun ce ba sa yi da mu, su zauna can su ci albasarsu. Ya kira taro, ya nemi a hana sauke duk albasar da ta tsallako iyaka.

Kubra, dillaliyar da ke haɗa manoman da masu saye, ta bari ya gama.

"Ciyaman, to dankalin fa, wace mota za ta ɗauka?"

"Wadda ta saba."

"Ita ce ta albasar fa. Ka ga za ta taso daga Maraɗi ba kaya, ta hawo duwatsun nan don ta gaishe ka?"

"Hajiya, kamashonki kike karewa. Ko an yi miki miji a Maraɗi ne ba mu ji ba?"

"Da an yi ai da kai za ka fara ji, tunda ka hana a kawo lefe."

Aka yi dariya. Aka ɗaga hannu, ra'ayin Siman ya yi rinjaye.

Da motar farko ta iso, aka tare ta a ƙofar kasuwa. Alhaji Illa ya sauko, ya gaisa da kowa da sunansa, ya tuna musu cewa tun zamanin mahaifinsa suke saukewa a nan. Siman ya ce dankali yana nan yadda aka saba, amma daga yau motar ta riƙa zuwa ba albasa.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Siman, albasa ke sayen man zuwa, dankali ke sayen man komawa. In ka cire ɗaya, ka cire duka."

Ya juya motarsa ya nufi wata kasuwa ta wajen Mangu.

Siman ya gaya wa manoma cewa cika baki ne, zai dawo. Ganyen dankali ya riga ya bushe, ruwan ramin yana ja baya, don haka kowa ya tone nasa a lokaci guda. Buhuna suka taru a rumfa. Masu saye na cikin gari suka ɗauki kaɗan, a farashin da suka ga dama. Na Kudu suna da dillalansu a wasu kasuwanni, ba su zo ba.

Sai wari ya fara. Siman ya zazzage buhuna yana tsince ruɓaɓɓu, washegari ya sake tsincewa. Irin da ya ware yana cikin rumfa ɗaya da sauran, ruɓar ta kama shi. Masu kiwon alade suka kwashe abin da suka iya, kyauta. Ragowar aka tura rami.

Ƙungiya ta janye dokar, ta sauke Siman. Kubra ta kira Alhaji Illa a waya. Ya tambayi lafiyar kowa, har da Siman, sannan ya ce ya riga ya yi alkawari da manoman can, ba zai saɓa ba.

Damina ta sauka Siman ba shi da iri. Ya sayar da injin ban-ruwa ya ciyar da gida. Yanzu leburanci yake yi a ramukan kuza, yana shiga ƙarƙashin ƙasa da igiya a ƙugu. Albasar da matarsa ke sa wa miya har yau ta Nijar ce. Daga wajen Mangu ake kawo ta a ƙananan motoci, kuma ta ƙara tsada.

Mai karatu, gwamnatoci kan yi faɗa su shirya, amma cinikin da ka kora da hannunka ba ya dawowa don ka yi nadama. Kafin ka goyi bayan a rufe wa maƙwabciyar ƙasa ƙofa, ka fara tambaya ko ta nan abincinka yake fita da shiga.