Maharbi da Ƙudan Zuma

A wani ƙauye an yi wani maharbi mai cika baki, wanda ya ce ko kiyashi ne ya taka fa, shi zai bi sawunsa har rami. Kullum haka yake faɗa a gindin tsamiya, kuma kullum kiyashin yana ƙara ƙanƙanta. Ana nan sai aka wayi gari an kwashe wa wani manomi zuman amya uku. Gari ya ɗauki zafi. Mai amya ya kasa zaune ya kasa tsaye, maƙwabci yana kallon maƙwabci ta wutsiyar ido, mata sun bar daka suna leƙe ta kan danga. Maharbi ya zagaya bishiyar da amyar take, ya durƙusa, ya shinshina ƙasa, ya miƙe ya nuna bukkar wani baƙo ɗan ƙwadago. Da aka fito da baƙon, sai ga kuncinsa a kumbure kamar tulu. Shi ke nan, aka ce harbin ƙudan zuma ne. Mai gari ya ba shi zuwa la'asar: ko ya fito da zuma, ko ya bar garin, ga shi kuwa gonar da yake yi wa noma saura kwana kaɗan a girbe, ya sami rabonsa.

To, akwai wani tsoho mai saƙar tabarma a bakin hanya, wanda ba a tambayarsa komai sai kuɗin tabarma. Ya ajiye kabarsa, ya je ya ce wa baƙo ya buɗe baki. Haƙori ne ya ruɓe, babu harbi ko ɗaya. Ya taka zuwa bishiyar, ya ɗaga kai, ya ga an mayar da murfin kowace amya, an shafe da kashin shanu tsaf. Ɓarawon da zai gudu ba ya rufe amya. Mai rufewa yana da niyyar dawowa baɗi, watau ɗan gari ne. Daga nan tsoho ya daina duban ƙasa, ya koma duban sama, yana bin lungu-lungu kamar wanda zakaransa ya ɓace.

La'asar ta yi, jama'a ta taru. Maharbi yana ta ƙara wa labari gishiri: sawun da ya ce na takalmi ne da safe, yanzu ya zama na ƙafa tsirara, har da yatsa guda a karkace. Tsoho ya matso, ya gaishe shi da ladabi.

"Sarkin dawa, amyarka nawa ne bana?"

"Ni da amya? Ko ɗaya. Rabona da zuma tun ina yaro, zaƙi ba ya karɓata."

"Allah Sarki. To ƙudan zuman nan da ke shiga suna fita ta tagar ɗakinka tun hantsi, gaisuwa suke zuwa yi maka?"

Mai amya bai jira amsa ba, ya nufi gidan maharbi, jama'a na biye. Maharbi ya bi bayansu yana jan ƙafa.

Da ma Hausawa sun ce, ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.