Gidan da Badaru Ya Gina wa Inna Mairo

Ɗiyana, ku matso ku zamna. Kun girma, kun yi boko, yau ga shari'a na kawo muku.

Badaru ɗan Inna Mairo ta Danchadi, wanda na sani yana yawo ba wando, yanzu shi ne mai zanen ginin da ake rububi a ƙasashen waje. Abin da ya ɗaukaka shi kuwa jar ƙasar nan ce da muke takawa. Ya ce siminti zafi, kwano tanda, a koma ginin kakanni. Turawa suka yi ta tafi.

Gidan farko da ya zana na uwarsa ne. Bango mai kauri, rufin soro, ƙananan tagogi jere a sama suna shan iska. Ranar da aka gama, Inna Mairo ta zagaya, ta sa hannu ta ji iskar. Roƙonta guda: a bar mata tsohon ɗakin bulo na bayan gida. Ya bari, ba don ransa ya so ba.

Hoton gidan ya zaga duniya, aka ba shi lambar yabo. Duk taron da aka miƙa masa lasifika sai ya ce mahaifiyarsa na barci cikin sanyi tsakiyar bazara, ba fanka, ba lantarki.

In ya kira waya, sai ta ce, "Gidan ga albarka gare shi, Badaru. Amma ka ƙaro tagogi ta gabas." Ya turo magina suka ƙara. Sharaɗinta shi ne mai son ganin gida ya sanar da wuri, kuma ya bari sai bayan damina. Ya ɗauka rigimar tsufa ce.

Sai ga manoman Mandera da Shagari suna aike a zana musu irinsa. Badaru har ƙwalla ya yi, wai mutanensa sun gane.

Bana wata ƙasa za ta ba shi ginin babban ɗakin karatu, amma suka ce sai wakilansu sun ga tsohuwar a gidanta cikin tsananin zafi. Ya kwaso su da masu ɗaukar hoto, bai sanar ba.

Da hantsi suka iso. Ya tarar da ita a ƙofar ɗakin bulo, zufa sharkaf, tana fifita. Ta dubi baƙi, ta dubi ɗanta.

"Wa ya ce ka taho yanzu?"

"Inna, makulli."

"Ka kai mutane inuwa su sha fura tukuna."

"Inna, makulli dai."

Ta kwance shi daga bakin zane, ta miƙa. "To buɗe a hankali, kada ka ɓata mini jeri."

Ya buɗe. Iska mai sanyi ta fito, baƙi suka leƙa, suka juyo suna kallon Badaru.

Har yau ba su shirya ba. Shi ya ce ta kunyata shi gaban duniya. Ita ta ce ba ta kai ɗa boko don maƙwabta su ce a ɗakin ƙasa take kwana ba, kuma ba ta taɓa kushe aikinsa ba.

To ku raba musu gardama, ku faɗi wa ke da gaskiya. Domin ko sau ɗaya ba ta kwana a gidan nan ba: albasarta ce a ciki, tun daga ƙasa har rufi, ko guda ba ta ruɓe ba.