Dalilin Yanke Mataki na Tara

Baba ya ɓoye faifan tsohon wasansa na kwamfuta a cikin firiza, ƙarƙashin kifi. Mama ta ciro shi, ta goge da bakin zane, ta miƙa wa babbar 'yarsu.

Shekara talatin da ɗaya ke nan mutanen gidan suna shan labarin Mataki na Tara. A ƙuruciyarsa Baba mai zane ne a wani ƙaramin kamfanin wasannin kwamfuta, kuma shi ya ƙirƙiro wasan wani kwaɗo mai kai wasiƙa. Mataki goma ya zana. Ranar da wasan ya fito kasuwa, sai ga kwaɗo yana tsalle daga na takwas zuwa na goma, kamar ba a taɓa halittar tara ba.

Baba ya ɗora laifin a kan Manajan kamfanin. Tun daga ranar, in ya hango shi a titi sai ya tsallaka, ko da mota na zuwa. Duk shekara yana aika masa almakashi a cikin ambulan, ba wasiƙa ba gaisuwa. Manaja ya yi rantsuwa har ya gaji cewa bai taɓa komai ba. Daga baya ya haƙura, matarsa ta buɗe shagon ɗinki.

A kamfanin ne Baba ya haɗu da Mama. Ita ce mai buga takardu, ita ke kulle ofis in an tashi. Ranar baƙin cikin, ita ta fara zuwa yi masa jaje da kofin shayi, tun bai gama gane abin da ya same shi ba. Bayan wata bakwai suka yi aure, kuma tun lokacin take gyara masa rayuwa ba tare da shawara ba. Hula ta ɓace, riga mai ratsi ta ɓace, har wata tsohuwar mota ta taɓa ɓacewa. In ya tambaya, amsar ɗaya ce: ba ta dace da kai ba.

To, babbar 'yar injiniyar kwamfuta ce. Ta gano cewa ba a goge matakin ba, ƙofarsa kawai aka toshe, yana nan kwance a cikin faifan. Ta ce ranar Asabar za ta buɗe shi a falo kowa ya gani. Har Manaja ta gayyato, don a yi ta ta ƙare.

Ta zaci mahaifinta zai taka rawa. Sai ya kwanta zazzaɓi.

Shi ya san abin da ya shuka. A ƙarshen matakin kwaɗo yana isa wata taga, wasiƙar ta buɗe ta cika allo. Wasiƙar neman aure ce, kuma ba Mama aka rubuta wa ba. Wata ce mai haɗa kiɗan wasan, wadda Baba ya shekara biyu yana gaisarwa bai taɓa wuce "ina kwana" ba. Da matakin ya ɓace sai zuciyarsa ta karye, ita kuma ta auri wani likitan haƙori ta bar gari. Yanzu ga shi da furfura da jikoki huɗu, yana son matarsa so na gaskiya, kuma wani kwaɗo zai tona masa asiri a gabanta.

Da dabarar firiza ta ci tura, sai ya cire fis ɗin wutar falo, Mama ta mayar. Ya ce likita ya hana shi kallon kwaɗi, ba wanda ya kula shi.

Ranar Asabar Manaja ya iso da sanda, ya zaɓi kujerar da ta fi kusa da ƙofa. Mama ta zauna a gefe tana ɓare lemo.

Aka buɗe matakin da ake yi wa kuka shekara talatin da ɗaya. Kwaɗo ya shiga cikin wani ƙaton takalmi, ya yi dambe da dutsen guga mai ba da nasiha, ya haye kogi a kan cokali. Manaja ya ce tsakani da Allah bai yanke ba, amma da ya gani da ya yanke. 'Yar ce ke buga wasan, sau uku tana faɗawa rami ɗaya.

"Ta hagu za ki bi, bayan butar," in ji Mama, ba ta ko ɗago kai ba.

Ta bi ta hagu, ta wuce. Baba yana can yana addu'ar a ɗauke wuta.

Kwaɗo ya isa taga. Wasiƙa ta buɗe: "Ke mai kiɗa, ni ban iya magana ba, shi ya sa na aiko kwaɗo. Ki aure ni."

Manaja ya ce idonsa ba ya gani sosai, sai mijin 'yar ya karanta masa da ƙarfi, har sau biyu. Kunya ta rufe Baba, tsoro kuma ya fi kunyar. Ya saci kallon matarsa. Tana cire 'ya'yan lemo da bakin wuƙa.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Baba ya miƙe ya nuna Manaja da yatsa. Ya ce dokar kamfani ce, duk wanda ya yanke wani abu sai ya rubuta dalili a ƙasa, don haka a karanta abin da wannan mutumin ya rubuta, kowa ya ji.

'Yar ta gangara ƙasan shafin a allo. Ga kwanan wata, saura kwana biyu wasan ya fito. Ga lokaci, bayan an tashi aiki an kulle ofis. Ta karanta sauran a zuci, sannan ta juya ta kalli mahaifiyarta.

Mama ta miƙa wa Baba ɓarin lemo.

"Dalili," 'yar ta karanta a hankali, "ba ta dace da kai ba."