Ƙaiƙayi ne, ba Hauka ba

Ranar da idon karenmu Duna ya yi jajir, sussukar gero ake yi a gidanmu a Karare. Yana ta murza fuska a ƙasa, kwantsa ta cika masa ido. Bayan la'asar maƙwabta suka tsaya a ƙofar gida da sanduna, wai ya haukace.

Iya, kakata, ta zuba ruwa a wani fasasshen kasko, ta tura masa da ƙafa. Ya sha, har yana kaɗa wutsiya.

Ta ce, "Kun gani? Mahaukacin kare ba ya shan ruwa. Ƙaiƙayin gero ne ya shiga masa ido."

Babana ya ce, "Iya, na sani. Amma in ya ciji ɗan wani, me zan ce wa mutane?"

Ya ɗaura masa igiya. Duna ya bi shi da murna, a zatonsa gona za su. Sauran ruwan na nan cikin kasko, ƙaiƙayi na yawo a kai, Baba ya dawo da igiya kaɗai.

Yau na wuce shekarun Baba na lokacin, amma "na sani" ɗin nan tasa ba ta daina ci min rai ba.