Ratar Yatsa Ɗaya

Ranar Asabar Sihle za ta koma Pretoria buga tanis, shi ya sa ta shigo shagon Mthulisi neman sabon raket, abin buga ƙwallon. Bayan ta gwada uku, ya miƙo mata na huɗu. Ta riƙe, ya zura yatsansa tsakanin tafinta da kan yatsunta, yadda ake auna kaurin mariƙi. Yatsan ya zauna daidai, amma bai janye ba.

"Wannan ma bai yi ba," ya ce, idonsa a ƙasa.

"Maƙaryaci, tun na farko ya yi. Saura nawa?"

"Tara."

"Faɗi abin da ke bakinka, hannuna ya gaji."

Ya ɗago ido. "In turo kawuna gidanku kafin ki tafi?"

Ta ɗan matse yatsan. "Laraba. Baba ba ya fita ranar Laraba."